Abu Ja: Sarkin Da Babban Birnin Nijeriya Ya Ci Sunansa

Duk ɗan makarantar Amurka ya san cewa babban birninsu, Washington, ya ci sunan George Washington ne, wanda ya zama shugaban ƙasarsu na farko a 1789. To, mu fa a nan gida, mutum nawa ne cikinmu zai iya faɗin wanda Abuja ta ci sunansa?

Labarin ya faro ne daga Zazzau. A zamanin jihadi, farkon ƙarni na 19, Malam Musa ya ci birnin Zariya, sai Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka a Zuba, ƙasar Koro da Gwari. Bai daina yaƙi ba har aka kashe shi kusa da Lapai a 1825. Sarauta ta faɗa hannun ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa.

Shi Abu Ja ya ga cewa zaman sansani ba zai riƙe jama'a ba. A 1828 ya kafa gari cikin duwatsu, ba nisa da Dutsen Zuma, ya sa aka kewaye shi da ganuwa. Ya tsayar da sarautun Zazzau na dā, shi kansa kuwa bai saki sunan Sarkin Zazzau ba. Garin aka kira shi Abuja. Ya yi mulki har 1851, kuma sarakunan Fulani na Zariya ba su taɓa cin garin nan da yaƙi ba, sai Turawa suka shige shi a 1902.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya a wannan yanki. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari kuwa ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Gwamnati ta tare a sabon birnin ran 12 ga Disamba, 1991.

Jama'a, mutanen Suleja sun ba da suna, ba su ba da tarihi ba. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin garin tun tuni. Ya kamata malamai su kai shi aji, domin yaron da ke ambaton Abuja kullum ya san cewa sunan mutum yake kira.