Dajin da ke kan tebur: yadda ake ƙera itatuwan ƙananan jiragen ƙasa

A unguwar Speicherstadt ta birnin Hamburg, arewacin Jamus, akwai tsofaffin rumbunan jan bulo da a da ƴan kasuwa ke jibge kofi da shayi da kayan yaji a cikinsu. A ɗaya daga cikinsu ne wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe wurin da ake kira Miniatur Wunderland a shekarar 2001, bayan da Frederik ya samo dabarar a wani kantin sayar da ƙananan jiragen ƙasa a birnin Zurik. A yau wurin ne ke riƙe da kambun layin dogo na kwaikwayo mafi girma a duniya, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya ke ziyartarsa a shekara.

An rage kusan komai na wurin sau 87. Mutum mai tsawon mita 1 da santimita 75 ya koma santimita 2. Layin dogon da aka shimfiɗa ya haura kilomita 16, wanda idan aka mayar da shi girmansa na gaskiya zai kai kusan nisan Yamai zuwa Diffa. Akwai Ostiriya, da Amurka, da Italiya, da Suwizalan mai dutsen da ya kai mita 6, da filin jirgin sama da aka buɗe a 2011. Kowane minti 15 dare na yi, gari ya sake wayewa.

Maziyarta jiragen suke bi da ido. Amma masu wannan sana'a sun san cewa jirgi abu ne da ake saye a kanti, kamfani ya gama ƙera shi, har lambar jikinsa daidai take. Abin da ke tona asirin mai aiki shi ne itace, kuma a Wunderland akwai ƙananan itatuwa sama da dubu 100.

Matsalar farko ta lissafi ce. Itace mai tsawon mita 20, idan aka rage shi sau 87, zai zama santimita 23, wato kusan taƙi guda. Kan jirgin ƙasa kuwa bai wuce santimita 5 ba. Ke nan itacen kirki ya kamata ya ninka jirgin sau huɗu ko fiye. Da yawa daga cikin itatuwan roba da ake sayarwa a leda ba su kai rabin haka ba, shi ya sa da an jera su sai wuri ya yi kama da kayan wasan yara. Ganye ya fi wuya. Ganyen da ke da santimita 5 zai koma ƙasa da milimita ɗaya, babu mai iya yanka shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake nema shi ne a yaudari ido, ya ga cunkoson ganye da inuwa da ƴan kafofin da haske ke ratsawa.

Hanyar da ta fi ba da itace mai kyau ita ce ta murɗa waya, kuma duk wanda ya taɓa ƙera motar waya yana yaro ya riga ya san rabin aikin. Ana fere tsohuwar wayar lantarki a fitar da siraran zaren jan ƙarfe da ke ciki, a haɗa dami guda, a murɗe tsakiyarsa ya zama gangar itace. Ƙasan damin a baza shi ya zama saiwoyi. Saman kuma a raba shi gida biyu ko uku, kowane kashi a murɗa shi kaɗan, a sake raba shi, a ci gaba da haka har a kai ga zare ɗaya tak a bakin kowane reshe. Ta haka kauri ke raguwa daga gindi zuwa sama, kamar yadda yake a jikin itacen gaske. Daga nan sai a shafe wayar da gam ɗin kafinta da aka kwaɓa da garin katako ko filasta, a bi shi da tsinke kafin ya bushe don a fitar da zanen ɓawo.

Wurin fenti ne sabon shiga ke faɗuwa. Kowa ya tashi da tunanin cewa jikin itace ruwan ƙasa ne, alhali idan aka tsaya aka duba, yawanci toka-toka ne, da ɗan duhu a cikin tsagogi. Haka ma ganye: kore iri ɗaya daga sama har ƙasa ba ya faruwa a daji. Gwanaye kan fara da kore mai duhu a ciki da ƙarƙashin rassa, su ƙare da mai haske a saman da rana ke bugawa.

Ganyen kansa soso ne. Ana niƙa soso irin na katifa, a rina shi, a tankaɗe, a ware mai laushi da mai tsakuwa. Kamfanoni irin su Woodland Scenics na Amurka da Noch na Jamus suna sayar da shi a shirye kala-kala, amma akwai masu markaɗa nasu a tsohon injin markaɗe da ruwa da fenti. Kafin a barbaɗa, sai a yafa wa rassan wani siririn zare irin wanda ake cusa wa matashin kai, a ja shi har ya zama kamar yanar gizo-gizo, a fesa gam, sannan a yayyafa garin soson daga sama. Idan aka cika hannu, itacen ya zama dunƙule kamar kan kabeji. Ma'aunin da ake bi shi ne a ɗaga shi a gaban fitila: in haske bai ratsa ba, ganye ya yi yawa.

Sai dai itace guda na waya yakan ci sa'o'i, wani ma kwanaki, kuma gefen tudu ɗaya na iya buƙatar ɗaruruwa. A nan ne wata ciyawa ta shigo. Sunanta na kimiyya Teloxys aristata, dangin alayyafo ce, asalinta busassun yankunan Mongoliya da Saberiya da arewacin Sin. Idan ta bushe, rassanta kan rarrabu siri-siri tamkar an rage babban itace da gangan. Ana noma ta musamman don wannan kasuwa, a sayar a kwali. Aibinta shi ne saurin karyewa da lanƙwashewa, don haka ake jiƙa ta a ruwan ɗumi da gilisarin, a rataye ta kai ƙasa da ɗan nauyi a jiki har ta miƙe. Wasu kan haɗa hanyoyin biyu: ganga da manyan rassa na waya, ƙananan rassa na wannan ciyawa.

Itatuwan ƙasashen sanyi masu tsini kamar mashi kuwa, dabararsu daban. A warware igiyar sisal, a yanka ta guntu-guntu, a jera tsakanin waya biyu, a ɗaura bakin wayar a injin huda a juya. Nan take zaren zai baje kamar burushin wanke kwalba, sai a bi shi da almakashi. Wanda ya bar shi sumul kamar an yi masa aski ya ɓata aikin; sai an ɗan cire nan, an gutsure can.

A can bayan fage kuwa, babu mai wahalar da kansa. Dajin da ke nesa galibi ba shi da ganga ko ɗaya, dunƙulen zare ne kawai aka tsoma a garin soso aka manna kusa da kusa. Ana ƙanƙanta su, a dusashe launinsu ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi, sai ido ya ɗauka tazarar kilomita ce alhali ba ta wuce kamu biyu ba.

Ciyawar ƙasa ma tana da nata sirrin. Ƴan gajerun zaruruwa ne masu tsawon milimita kaɗan, waɗanda wata na'ura ke caja da lantarki, sai su faɗo kan gam su tsaya a tsaye maimakon su kwanta. Na'urar kanti tana da tsada, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi ke haɗa tasu da raket ɗin kashe sauro da rariyar shayi ta ƙarfe. Tana aiki, sai dai tana iya ba mai garaje ɗan shokin da ba zai manta ba.

Duk waɗannan dabaru ana koyonsu cikin ƴan makonni. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin itacen da ake kwaikwayo da lokacin da ake nunawa. A ce wani zai ƙera karkarar Maraɗi ko Damagaram a tsakiyar damina, ya sa gawo kore shar a kan gonar hatsi. Kowane manomi zai yi masa dariya, domin gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya tofo. Kuka kuma akasin haka take. Goruba tana rabuwa biyu-biyu, giginya miƙewa take sambal. Irin wannan idon ne Bajamushe ke kallon dajin Harz da shi a Wunderland, kuma kuskure ƙarami ba ya ɓoyuwa gare shi.

Wani lokaci ma itacen da ake kwaikwayon ya riga ya ɓace. A ƙauyen Long Wittenham na Ingila akwai gidan tarihi na Pendon, wanda Roye England, ɗan asalin Ostireliya, ya kafa a 1954 don adana kamannin karkarar yankin kamar yadda take a shekarun 1930, an rage ta sau 76. Shi gidajen ciyawa da tsofaffin gonaki yake gudun kada su shuɗe. Sai ga shi daga ƙarshen shekarun 1960 wata cuta ta faɗa wa itacen elm, wanda a da ya cika shingayen gonakin kudancin Ingila, ta kashe fiye da miliyan 20 a Birtaniya. Duk mai son ƙera karkarar wancan zamani yanzu, da tsofaffin hotuna yake aiki, yana auna tsawon itacen da tsawon gidan da ke kusa da shi a hoton.

Su ma ƙananan itatuwan ba su tsira daga tsufa ba. Hasken fitila yana cinye launin rini a hankali, ciyawar da ba ta sha gilisarin sosai ba tana rugurgujewa da an taɓa ta, ƙura kuma tana mayar da kore toka. Ba a iya wanke su. Sai dai a bi su da burushi mai laushi da ƙaramin injin zuƙar ƙura da aka ɗaure wa ƙyalle a baki, don kada ya haɗiye ganyen da ƴan mutanen da ke zaune a inuwa. Wanda ya kai ga lalacewa a tumɓuke shi, a sake fesa masa gam da sabon garin soso, a mayar da shi raminsa.