Juma'a a Shashi, Tsohon Zangon Fataken Shayi

Daga Asabar zuwa Alhamis, in ka tsaya a tsakiyar garin Shashi da hantsi, abin da kunnenka zai fi ji shi ne gudun ruwa a 'yan magudanan da ke bin gefen lungu. Masu garin Shaxi suke rubutawa da baƙaƙen boko, Shashi suke furtawa. Yana lardin Yunnan a kudu maso yammacin ƙasar Sin, cikin wani kwari da tsaunuka suka yi wa zobe, tsakanin Dali da Lijiyang. Tudun wurin ya haura mita 2,000 daga doron teku, shi ya sa ko a watan Agustan da na je, asuba ba ta fituwa sai da rigar sanyi. Na iso ranar Laraba a wata ƙaramar bas daga Jiyancuwan, hedikwatar gundumar, hanya duk kwana-kwana, hagu da dama gonakin shinkafa kore shar. Da na ce wa mai masaukina garin nasu akwai shiru, sai ya ɗaga kalandar bango ya ɗora yatsa a kan Juma'a. Ya ce in dakata tukuna.

Kwana biyun nan na yi su ne a tsohon dandalin kasuwa, wanda suke kira Sideng. Fili ne madaidaici, an shimfiɗe shi da jan dutse da kofato da takalmi suka goge har ya yi santsi. A gefe guda akwai ɗakin ibadar mabiya Buda, Shingjiyawo, wanda aka gina a 1415. Daura da shi, ido da ido, ga wani dakalin wasan kwaikwayo na katako mai hawa-hawa, kusurwoyin rufinsa sun lanƙwashe sama kamar ƙahon bauna. Sauran kewayen shaguna ne masu ƙyauren allo da ake zarewa ɗaya bayan ɗaya, kanta a gaba, tsakar gida da turken dabbobi a baya. Wanda ya taɓa jin labarin zangunan fataken goro a hanyar Gwanja ba ya bukatar tafinta a nan. Ga inda ake sauke kaya, ga inda ake ɗaure dabba, ga soron da madugu ke kwana kusa da dukiyarsa. Ƙofar gabas, wadda har yanzu tana tsaye da ginin ƙasarta, matsattsiya ce ƙwarai, ta yadda ayari ba ya shigowa sai a jere, ɗaya bayan ɗaya. Da dare a rufe, 'yan fashi su kwana a waje.

Abin da ya tara mutane a nan tun farko abu biyu ne, ganyen shayi da gishiri. Mutanen Tibet suna zaune a kan tudun da ganye ba ya wadata, cimarsu nama ce da man shanu da garin sha'ir, saboda haka shayin da suke damawa da mai da gishiri ya zame musu kamar ruwan sha. Shi kuwa shayin a kudancin Yunnan yake fitowa, yankin Pu'ar. Sarakunan Sin, musamman a zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, suna da ƙishin dawakin yaƙi, dawakin kuma suna wajen mutanen tudu. Daga wannan musaya hanyar fataken ta samo sunan da ake kiranta da shi yau, Hanyar Shayi da Doki. Ana turara ganyen a danne shi ya zama curi, wani kamar bulo, wani kamar faifai, don ya jure watanni a bayan alfadari. Har gobe faifan shayin Pu'ar giram 357 ne, ana haɗa bakwai a ɗauri guda a naɗe da ɓawon gora. Ayari kan taso daga kudu, ya ratsa Dali, ya yada zango a Shashi, ya wuce Lijiyang, ya haura har Lasa a Tibet. A yammacin kwarin kuma akwai rijiyoyin gishiri irin su Misha da Nuwodeng, inda ake dafa ruwan rijiya har ya daskare, a kawo nan a sayar. Shugaban ayari suna ce masa maguwotou, ma'ana mai riƙe da tukunyar ayari. Sunan ya burge ni. Ba a kira shi mai takobi ko mai jaka ba, an kira shi da tukunyar da kowa ke ci daga cikinta, domin shi ke raba abinci, shi ke raba riba, shi ke ɗaukar asara a wuyansa.

Hanyar ta yi tashenta na ƙarshe a Yaƙin Duniya na Biyu. Da sojojin Japan suka datse hanyar Bama a 1942, sai kaya suka koma shigowa Sin daga Indiya ta Tibet a bayan dabbobi. Bayan haka aka yi titin mota, titin kuma ya bi ta wani kwarin daban. Ƙararrawar alfadarai ta ɗauke. Masu masauki suka koma gona, rufin shaguna ya fara zuba. Talaucin ne ma ya hana a rushe tsofaffin gine-ginen a zuba kankare, kamar yadda aka yi a garuruwan da kuɗi ya shiga. A 2001 ƙungiyar World Monuments Fund ta saka dandalin Sideng cikin wurare 100 na tarihi da suka fi fuskantar barazana a duniya. Wani masanin gini ɗan Suwizalan, Jacques Feiner, da takwaransa ɗan Sin, Huang Yinwu, suka jagoranci gyara tare da hukumar gunduma, suka ɗauki kafintocin yankin, waɗanda dama sun yi suna a sassaƙar katako. Ba su sauya ginshiƙin da zai iya tsayuwa ba, sai dai su yi masa ƙari. A 2005 UNESCO ta ba aikin lambar yabo, kuma ya cancanta.

Sai dai kasuwar ba ta dandalin yanzu. A can abin da ake sayarwa kofi ne da katin hoto da gyale, masu saye kuma baƙi ne irina. Kasuwa ta gaskiya ta koma babban titin da ke saman gari, kuma ita ce mai masaukina ke nufi.

Ranar Juma'a ƙugin ƙananan taraktoci ya tashe ni. Kafin ƙarfe tara titin ya toshe, an kafa laimomi ja da shuɗi, an baza buhuna a ƙasa. Mutanen Yunnan suna ce wa zuwa cin kasuwa gan gai, kuma kowane gari da ranarsa, 'yan koli suna bin su suna zagayawa da motocinsu. Mazauna kwarin yawancinsu 'yan ƙabilar Bai ne, manoman shinkafa. Matansu tsofaffi na sanye da shuɗiyar riga da 'yar shara a kai, da kwando goye a baya. Daga kan tsaunuka kuma 'yan ƙabilar Yi ke gangarowa, wasu tun duhun asuba suka kamo hanya. Ba ka ɓata su: dogon siket mai ninki-ninki da launi-launi yana sharar ƙasa, matan aure da wani faffaɗan baƙin ɗaurin kai da ya fi faɗin kafaɗarsu. Na tudu sun zo da dankalin turawa, da zuma a saƙarta, da saiwoyin magani, da kaji a cikin akurkin gora. Na kwari sun tanadi shinkafa, da kabeji, da barkono tuli-tuli, da awara fara sol a kan allo ana yankawa da wuƙa. Kowa na riƙe da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Fatake sun tafi da shayinsu da dawakinsu, amma tsauni da kwari ba inda za su je, kuma a ganina wannan ne ya riƙe kasuwar da rai shekarun da duniya ta manta da garin.

Layin da na fi daɗewa a ciki shi ne na naman kaza. Damina ce, lokacinsa ke nan, kuma a Yunnan naman kaza na daji ba abin wasa ba ne, dukiya ce. Iri-iri ne a baje a kan ganye: wani ruwan ƙasa mai kauri kamar dunƙulen hannu, wani rawaya, wani mai reshe-reshe. Akwai wanda suke kira jiyanshoucing, wanda da ka dangwala masa yatsa sai wurin ya rikiɗe ya koma shuɗi nan take. Wata mata ta tsaga guda ta nuna mini, cikinsa ya juye kamar an ɗiga masa baba. Ta yi mini alama da hannu cewa sai an soya shi ya soyu sosai da tafarnuwa, in ba haka ba yana bugarwa, mutum ya riƙa ganin abin da babu. Amma sarkin layin shi ne songrong, wanda Japanawa ke kira matsutake. Ba a iya shuka shi. A gindin itatuwan daji yake fitowa, kuma kowane gida da wurin da ya sani, uba ya nuna wa ɗa, ba a faɗa wa maƙwabci. Na tsuguna kusa da wata tsohuwa 'yar Yi da ta kwance ƙullin ganye ta fito da guda shida, ƙasa na manne a gindinsu, ƙamshinsu kamar na itace bayan ruwan farko. Wani ɗan sari da jaka rataye a ƙirji ya ɗauki kowanne ya matsa shi a hankali, ya duba ko tsutsa ta shiga, ya ware su gida biyu. Wanda hularsa ba ta buɗe ba shi ne mai tsada, wanda ya buɗe kamar laima kuwa darajarsa ta faɗi. Ya taya, ta girgiza kai ta fara mayar da kayanta cikin ganye. Ya ƙara. Ta sa hannu ta ɗauko guda daga kashi na biyu ta mayar cikin na farko, ta kafe shi da ido. Ya yi dariya, ya ɗora a sikeli. Kafin dare za a sa su a akwatin ƙanƙara zuwa Kunming, babban birnin lardin, daga can wasu su hau jirgi zuwa Japan. Har yanzu dai kayan Shashi na yin doguwar tafiya.

Wajen biyan kuɗi ne na ga zamani biyu a zaune a tabarma ɗaya. Kusan kowace rumfa akwai ɗan kati rataye mai zanen ɗigo-ɗigo na WeChat ko Alipay, mai saye ya haska da waya, wata 'yar lasifika ta faɗi adadin da ya shiga. Ita tsohuwar nan kuwa ba ta yarda ba sai da ɗan sarin ya ƙirgo mata takardun yuwan, ta sake ƙirgawa, ta cusa a jakar da ke ɗaure a ƙugunta. Sikelinta ma na dā ne, sanda mai ɗigon tagulla da ƙugiya da dutsen awo da ake ja gaba da baya.

Sauran kasuwar ka bi ta da sauri ma ka gamsu. Maƙera da laujuna da fartanyoyi da wuƙaƙen sara. Masu saƙar gora da kwanduna da matankaɗai. Mai cire haƙori da kujerarsa a bakin titi, haƙoran roba jere a faranti. Dattawa sun kewaye mai taba, kowa ya ɗebi kaɗan ya ɗana a wani dogon bututun gora mai ruwa a ciki, ya zuƙa yana gurgur kafin ya ce a auna masa. Akwai cukun nonon akuya da ake yanka shi murabba'i a soya. Can gefe ga kara, inda ake cinikin shanu da awaki da 'yan aladu a cikin keji, da alfadarai ƙalilan da har yanzu ake bukata don ɗauko itace da dutse daga inda mota ba ta hawa. Mai saye ya buɗe bakin dabba ya duba haƙori, ya ɗaga kofato, ya ja ta ta taka a gabansa.

Layin mahauta kusan duk naman alade ne, saboda haka na bi da sauri, har na hango wani mai farar hula a ƙarshen layi da cinyar sa a rataye, da allo kore mai rubutun cingjen, kalmar da Musulmin Sin ke nufin halal da ita. Na yi masa sallama. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a gaban rigarsa, ya amsa mini cikakkiya. Ɗan ƙabilar Hui ne. Musulunci ya daɗe a Yunnan: wani mutumin Bukhara, Sayyid Ajall Shamsuddin, ya yi gwamnan lardin daga 1274 zuwa 1279 a ƙarƙashin Mongol, kuma Musulmin Yunnan sun shahara da fataucin alfadari har cikin Bama da Tailan. Shi ya nuna mini inda zan ci taliyar shinkafa da romon naman sa, ya haɗa ni da yaronsa ya raka ni. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ke damuna game da Shashi shi ne haya. Tun da baƙi suka gano garin, gidajen da ke kewayen dandali suna komawa masaukai da shagunan mutanen da suka zo daga manyan birane, masu gidan kuma su karɓi kuɗi su gina sabo a bayan gari. Ba na ganin laifinsu, wanda ya sha ɗigar ruwa a ɗaki shekara da shekaru yana da haƙƙin son rufin da ba ya zuba. Amma ina fatan kada wata rana a ce titin Juma'a ya cika datti da hayaniya, a share shi saboda masu kyamara. Ginin Sideng ya samu masu gyara shi. Ita kasuwar Juma'a ba wanda ya taɓa gyara ta, mutanenta ne kawai ba su daina zuwa ba.

Wajen la'asar kasuwa ta fara watsewa. Aka naɗe laimomi, masu shara suka bi bayan ɓawon masara da ganyen kabeji. Na gangara bakin kogin Heihui, wajen tsohuwar gadar dutse mai baka guda da suke kira Yujin, wadda ayari ke haurawa a dā. Ina tsaye sai ga tsohuwar nan mai naman kaza tare da wata yarinya. Kwandon da ta zo da shi kusan wofi yanzu ya cika: buhun shinkafa ƙarami, ledar gishiri, galan ɗin mai, da sabon takalmin roba na yara ɗaure a sama. Ta gyara igiyar a kafaɗa, ta kama hannun yarinyar, suka haura gadar suka nufi tsauni, hadari na haɗuwa a kansa.