Ko Ka San Abin Da Ke Bayan Ramin Mabuɗin Motarka?

Ko ka san cewa ramin nan da kake zura mabuɗi a mota ko a babur abubuwa uku ne aka haɗa wuri guda? Akwai kwaɗon kansa, ɗan bututun ƙarfen da mabuɗi ke shiga. A bayansa akwai suwic, wanda ke sakin wuta daga batir zuwa filogi da sitata. Sai wani harshen ƙarfe da ke faɗawa cikin sandar sitiyari, ko wuyan babur, ya hana shi juyawa in an kulle. Ɓarawon dare sai ya ci ƙarfin duka ukun kafin ya tuƙa abin hawa ya tafi da shi. Shi ya sa sau da yawa yake lalata ɗaya ko biyu, ya ji motsi, ya ranta a na kare, ya bar mai kaya da gyara.

Haka ta faru da wani ɗan'uwana mai Golf, da ke jigilar fasinja tsakanin Tsafe da Gusau. Ya fito sallar asuba ya tarar an ɓalle robar da ke rufe wuyan sitiyari, an cusa wani ƙarfe a ramin mabuɗi har ya karye a ciki. Mota tana nan, alhamdu lillahi, amma mabuɗi ya ƙi shiga. Da muka jawo ta gareji, wani yaron mai wayarin ya ce, "Alhaji, bari in haɗa maka waya kai tsaye, in sa maka ɗan maɓalli, yau ma ka yi lodi." Maigidansa, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya ɗago kai ya ce, "Kai yaro, ɓarawo ya fara aiki, kai kuma za ka ƙarasa masa?"

Gaskiyar dattijon ce. A cikin kwaɗon akwai wasu siraran faranta na tagulla a jere, kowace da ɗan sifirin da ke tura ta waje. Haƙoran mabuɗinka ne ke daidaita su, kowace ta koma gurbinta, sannan bututun ya samu damar juyawa. Ƙarfen ɓarawo ba ya daidaita komai, murɗe su yake yi da ƙarfi, wasu su lanƙwashe, wasu su karye. Kwaɗon da aka yi wa haka ya gama aiki, ko da an zaro guntun ƙarfen mabuɗi ya koma yana juyawa. Irinsa ne za ka ga kowane mabuɗi na buɗe shi, har na ƙofar shago. Maganinsa a canza shi ɗungurum.

Ga yadda na ga dattijon ya bi aikin. Ya fara cire kan batir, don waya tsirara a wuyan sitiyari na iya tayar da gobara, kuma a motar da ke da jakar iska a sitiyari, jakar tana iya fashewa a fuskar mai gyara in aka taɓa wayarta da wuta a jiki. Sannan ya zo kan ƙusoshin da ke riƙe gidan kwaɗon. Waɗannan ƙusoshi da gangan kamfani ke yin su yadda kansu zai tsinke da zarar an ɗaure su tam, don kada sifana ta kama. Sai da ya bi su a hankali da kurfi da guduma kafin suka warware. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda aka yanke ya haɗa ta da dalma, ya duba fis. Abin da ya fi daɗewa a kai shi ne harshen da ke kulle sitiyari, domin ɓarawon ya fizgi sitiyarin da ƙarfi ya tsaga shi. Harshen da ya tsage yana iya faɗawa da kansa mota na cikin gudu. Ka ƙaddara hakan ta faru a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, tirela na tafe a gabanka, fasinja cike da mota.

Kada a ɗauki matsalar suwic da wasa. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6 saboda suwic ɗinsu yana zamewa ya kashe injin ana cikin tafiya, jakar iska kuma ta ƙi buɗewa. Daga baya aka amince da biyan diyyar mutum 124 da suka rasu. Cikin abubuwan da ke jawo zamewar har da nauyin tarin mabuɗan da direba ke ratayawa. Mu nan kowa ya san yadda ake haɗa na gida da na shago da na rumbu a zobe ɗaya da na mota, ana tafe a hanya mai ramuka suna lilo. Wannan nauyi yana cinye kwaɗo sannu a hankali. Haka ma ɗiga masa baƙin mai in ya yi tauri: ƙurar hunturu za ta haɗu da man ta zama laka. Garin bakin fensir ya fi masa.

Ko ka san kuma cewa akwai mabuɗin da ke magana da mota? A cikin kan robar mabuɗan motocin zamani akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce ƙwayar shinkafa biyu ba, ba ta da batir. Wani zobe da ke kewaye da ramin mabuɗi ne ke ba ta wuta, ta faɗi lambarta ta sirri, kwamfutar motar ta tantance. In lambar ba ta dace ba, ko an murɗe kwaɗo injin ba zai ci gaba da aiki ba. Jamus da Ingila sun wajabta wannan na'ura a sababbin motoci tun 1998, kuma wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin 100. Amurka ba ta wajabta ba, sai ga shi daga 2021 samari suka riƙa kwashe motocin Kia da Hyundai marasa ita, suna yaɗa abin a TikTok.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin motocin Turai da ke zuwa mana na hannu suna ɗauke da wannan kariya, mu ne ke kashe ta. Mota ta zo da mabuɗi ɗaya, maimakon a nemi wanda ya iya ya yi na biyu, sai a ciro 'yar na'urar a manne ta jikin zoben, ko a cire tsarin gaba ɗaya don a rage kashe kuɗi. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Babur ya fi shiga haɗari, ga shi a ƙasar Tsafe da Bunguɗu shi ne jakin manomi, shi ne jarin ɗan kabu-kabu. Boxer da ire-irensa ba su da wannan na'ura, kuma mutum biyu na iya ɗaga shi su jefa a bayan a-kori-kura ba tare da sun taɓa mabuɗi ba. Don haka kulle wuya kaɗai bai isa ba. A sa sarƙa mai kauri ta ratsa taya ta baya, a ɗaure da ƙarfe ko ginshiƙin da ba ya motsi. Mai wayarin da ka yarda da shi ya ɓoye maka wani maɓalli da ke yanke wutar filogi, a wurin da kai da shi kaɗai kuka sani. A mota kuma, sandar ƙarfen nan da ake maƙala wa sitiyari tana da amfani tun daga nesa, don ɓarawo in ya leƙa ya gan ta ya san zai daɗe, shi kuwa daɗewa da hayaniya ne ba ya so.

Na'urar bin sawu tana taimakawa, amma da layin waya take aika saƙo. Mutanen Zamfara ba su manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar na tsawon makonni. A irin wannan hali, ko a dajin da babu sabis, na'urar ba ta da bakin faɗa maka inda motar take.

Duk wannan magana a kan ɓarawon sane ce, mai zuwa a ɓoye. Wanda ya tare ka da bindiga, miƙa masa mabuɗi, ranka ya fi babur.

Kafin ka kwanta yau, ka duba lambar injin da ta shasi, ka rubuta su a takarda ka ajiye a gida tare da rasit, don su ne 'yan sanda za su fara tambaya. In kuma an taɓa yi wa kwaɗonka ɓarna har yanzu kana lallaɓawa da shi, ka kai shi gareji kafin ka sake ɗaukar fasinja.