Kafin Ka Sa Kuɗinka a Masana'antar Falet ɗin Roba

Duk wanda ya taɓa leƙa siton babban kamfani ya ga falet, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ɗan dandamalin nan da ake jera buhuna ko kwalaye a kai, motar ɗaga kaya ta zura cokulanta biyu ta ƙasa, ta sunkuci wajen tan guda a ɗauka ɗaya. Akasarinsa na katako ne. To, a ce wani ya zo maka da takardu, zai kafa ƙaramar masana'antar yin na roba, yana neman ka shigo da jari. Me ya kamata ka duba?

Zai kawo hujjoji, kuma na gaskiya ne. Roba ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, babu ƙusar da za ta yaga buhu, ana kuma wanke ta, shi ya sa kamfanonin abinci da magunguna ke son ta. Akwai kuma ƙa'idar duniya ta ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002: duk katakon ɗora kaya da zai tsallaka iyaka sai an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, don kada ya yi safarar ƙwari. Roba ba ta cikin wannan doka.

Sai dai kyan kaya daban, ciniki daban. Tambayar farko ita ce, wa zai saya? Falet ba ya aiki sai da motar ɗaga kaya da shimfiɗaɗɗen daɓe. A Dawanau da kasuwar Singa kuwa, 'yan dako ne ke lodi da saukewa, kuma babu alamar za su daina gobe. Masu sayen na gaske 'yan kaɗan ne, kamfanonin lemo da fulawa da magunguna da manyan sito-sito, su kuma sun saba karɓar kaya yau su biya bayan wata ɗaya ko biyu ko uku. Ƙaramar masana'anta na iya shaƙewa a wannan jira, alhali littafinta yana nuna riba.

Ga kuma tsada. Falet ɗin roba yakan ninka na katako kuɗi sau biyu, sau uku, ko fiye. Ba ya mayar da kuɗinsa sai ya yi ta zuwa yana dawowa shekara da shekaru. Idan ya bi kaya ya tafi ke nan, an yi asara. A Amurka, kamfanin iGPS da ke ba da hayar falet ɗin roba, kowanne ɗauke da na'urar bin sawu, ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2013, kuma ɓacewar falet masu yawan gaske na cikin abin da ya durƙusar da shi.

Ɓangaren sarrafawa ne, a ganina, aka fi ɓoye wa mai jari. Injin da ke narka roba ya tura ta cikin mazubi ƙato ne mai zuƙar wuta, kuma a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin lantarkin rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga ƙasa da 70. Mazubin kansa ƙarfe ne da galibi ake shigowa da shi daga Sin, da dala, kuma kowane girma da nasa. Wanda ya sayi na milimita 1200 da 1000 ba zai iya yi wa mai neman na Turai, 1200 da 800, aiki ba. Ƙwayar roba, HDPE ko PP, ko daga Indorama ta Eleme aka saye ta, farashinta na bin ɗanyen mai da dala. Niƙaƙƙiyar robar da ake tarawa daga 'yan jari-bola ta fi araha, amma idan ba a tantance ta ba aka cakuɗa iri-iri, falet ɗin zai tsage a ƙarƙashin kaya, kuma kamfanin da aka yi wa haka sau ɗaya ba ya dawowa.

Don haka na fi natsuwa da mai cewa mazubi kawai zai saya, ya yi hayar inji a wata masana'antar roba a Sharaɗa ko Challawa har ya ga yadda kasuwa ta karɓa, a kan mai son gina katafaren wuri tun bai sayar da ko ɗaya ba.

In ka gamsu, kada zumunci ya hana rubutu. Ka ga rajistar kamfanin a CAC, ka ga sunanka da yawan hannun jarinka a cikinta. Ka nemi takardar odar masu saye, ba "mun yi magana da su" ba. A rubuta ranar da za a riƙa nuna maka lissafi, da yadda za ka fita in ka so, domin hannun jarin ƙaramin kamfani ba a kai shi kasuwa, sai abokan tarayyarka sun yarda su saya. Wanda kuwa ya yi maka alkawarin ribar naira kaza duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ba tarayya yake kiran ka ba, bashi da ruwa ne ya canja wa suna.