Igiyar Sa A Hannun Wa Take? Python, C Da Rajistar Mutanen Birnin Gwari

Tun da Ma'aikatar Sadarwa ta tarayya, ƙarƙashin Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin koya wa 'yan Nijeriya miliyan 3 sana'o'in kwamfuta, matasanmu da dama suka fara hulɗa da Python, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta manhajar kwamfuta da su. Sabon ilimi kuma ba ya zuwa shi kaɗai, sai da gardamarsa. Wadda ta fi tashe a tsakanin masu koyo ita ce wai Python wasan yara ne, nawa gare shi, duk mai son manhajar da za ta ɗauki bayanan dubban mutane sai ya sauka ya rubuta da harshen C. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take saurin shiga kunne. Abin gudu shi ne ta kai ga masu ba da kwangila, su mayar da ita ma'aunin gane gwani.

A duba Birnin Gwari. Bayan sulhun Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je aka sake buɗe kasuwar shanun da ta yi shekaru a rufe, mutane sun fara komawa gonaki. Duk inda jama'a suka fara komawa gida kuwa, rajista ce ke biyo baya: ta manoma masu jiran taki, ta yaran da za a yi wa rigakafi, ta marayu masu jiran tallafi. Ƙaramar hukumar tana da gundumomi 11, kuma ƙauyukan Kuyello, Randagi, Kakangi, Dogon Dawa da na gefen dajin Kamuku ba wuraren da ake shiga sau biyu cikin sauƙi ba ne. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 ma an katse layukan waya a yankin saboda tsaro. A irin wannan wuri ma'aikaci kan cike fom a waya ba tare da intanet ba, sai ya samu sabis ya tura gaba ɗaya. Manhajar KoboToolbox da ƙungiyoyin agaji ke yawan aiki da ita haka take, kuma ɓangarenta mai karɓar bayanai da Python aka gina shi. In bayanin mutum ya salwanta a cikin kwamfuta, ba lallai ne a samu mai komawa ƙauyen ya sake tambayarsa ba.

Kowane fom da ya shiga manhaja irin wannan yakan koma jerin tambaya da amsa: "suna" ga amsarsa, "gunduma" ga amsarta, "lambar waya" ga tata. Python yana ajiye su a cikin abin da masu sana'ar ke kira dict, wato ƙamus, inda kowane mabuɗi ke kai ka ga amsarsa. Abin da masu gardamar ba su lura da shi ba shi ne, ƙamusun nan da kansa da C aka rubuta shi. Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991 yana aiki a Amsterdam, kuma Python ɗin da kusan kowa ke saukewa, wato CPython, injinsa C ne tun daga ranar farko. Idan ka tambayi ƙamus amsar "gunduma", C ne ke yin neman. Ba ya bin layi ɗaya bayan ɗaya. Yana mayar da mabuɗin wata lamba ta hanyar lissafin da ake kira hash, lambar ta nuna masa gurbin da zai leƙa. Ƙamus kan fara da gurabe 8, da zarar kashi biyu cikin uku sun cika sai a faɗaɗa shi, don kada mabuɗai su riƙa cin karo a gurbi ɗaya. Saboda haka neman suna a cikin mutum goma da nemansa a cikin miliyan kusan taku ɗaya ne.

Python kansa a cikin ƙamus yake ajiye sunayen da ke cikin kowace manhaja, don haka an shafe fiye da shekara 30 ana goge wannan ɓangaren. A fitowa ta 3.6 a 2016, Inada Naoki ya sake masa tsari bisa shawarar Raymond Hettinger, cin memorinsa ya ragu da kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Daga 3.7 a 2018 aka tabbatar a ƙa'ida cewa ƙamus zai riƙe jerin da aka zuba masa abubuwa. Hatta mai karanta bayanan da aka rubuta a tsarin JSON, wanda ke zuwa tare da Python, yana da ɓangaren C da ke gina ƙamus kai tsaye. Nawar da ake kuka da ita tana cikin maimaita lissafi layi-layi, kuma can ne irin su NumPy ke taimakawa, domin sukan jera lambobi zalla a memori su yi musu aiki gaba ɗaya. Wanda ya sauka C amma ya ci gaba da zuba abu a ƙamus sau miliyan, lissafin hash ɗin nan da neman gurbin nan duka suna nan. Ribarsa ba ta kai yadda yake zato ba, ga kuma kayan da ya ɗora wa kansa.

Kayan su ne ƙidayar masu riƙo. A ɗauki sa a kasuwar Kara. Muddin akwai hannu a kan igiyarsa, yana nan a turkensa. Python yana ƙirga hannayen da ke kan igiyar kowane abu da ke memori, kuma da zarar ƙidayar ta koma sifili sai a kwance san, a ba wata dabbar turken. Mai rubutu da Python bai ma san ana yi ba, injin ne ke ƙirga masa. Mai rubutu da C shi ne zai ce "na kama" da Py_INCREF, ya ce "na saki" da Py_DECREF, da hannunsa, a kowane layi, har da layukan da aiki ya lalace a tsakiya.

Umarnin PyDict_GetItem, wanda ake ɗauko amsa da shi, ba ya miƙa maka igiya. Dillali ne ya nuna maka san da yatsa, igiyar tana hannunsa, kai riƙon aro kawai kake yi. In ka juya ka tafi wani aiki, a bayanka aka goge mabuɗin ko aka sauya amsarsa, ka dawo turken da aka nuna maka, ɗayan biyu ne. Ko ka tarar da wurin wayam, manhaja ta faɗi nan take, wanda shi ne mai sauƙin, don an ga ɓarnar. Ko kuma ka tarar an ɗaure wani san, ka ja shi a matsayin naka ba ka sani ba. A rajista, wannan na nufin lambar wayar wani ta zauna a gaban sunan wani. Kuma ba sai ka yi nisa ba: kwatanta mabuɗi biyu kawai yana iya kiran wani rubutun Python da zai taɓa ƙamusun kana tsaka da aiki.

Akwai kuma akasin haka. PyDict_SetItem, mai zuba abu a ƙamus, yakan ɗaura tasa igiyar, ya bar maka taka a hannu. Wanda ya ƙirƙiri kalmar "Kuyello" a C, ya zuba ta a ƙamus, ya manta bai saki tasa ba, kalmar ba za ta taɓa barin memori ba ko da an jefar da ƙamusun. Ɗan gajeren rubutu irin wannan kan ci kimanin bayit 50. Fom mai tambaya 10 ya zubar da bayit 500 ke nan. A gwajin fom 20 da za a nuna wa jami'i a ofis, babu mai gani. A fom miliyan 1, kusan rabin gigabayit ne ya tafi, kwamfuta ta fara jan ƙafa har ta tsaya. Sauri ya haifi nawa. Abin da ke ƙara rikita ɗan koyo shi ne ɗan'uwansa PyList_SetItem, mai zuba abu a jeri, shi karɓe igiyar yake daga hannunka. In ka saba da sakin igiya a ƙamus ka zo ka saki a nan, ka saki abin da ba naka ba, san ya kwance alhali jerin yana zaton yana riƙe da shi. Sunayen umarnin biyu kamar tagwaye, ɗabi'unsu kuwa sun saɓa, kuma C ba zai yi maka gargaɗi ba.

Wata ɗabi'ar PyDict_GetItem ta fi waɗannan tayar da hankali ga mai tunanin jama'a. In bai samu mabuɗin ba, yakan dawo da NULL, wato babu komai. In kuma wani kuskure ne ya auku yana cikin nema, sai ya haɗiye kuskuren, ya dawo da NULL ɗin dai. Manhaja ba ta da hanyar bambance "babu shi" da "na kasa dubawa". Wanda ya taɓa tsayawa layin tallafi ya san yadda wannan ke fita daga bakin ma'aikaci: "Baba, ka yi haƙuri, kwamfuta ta ce babu sunanka." Masu kula da Python sun san matsalar. Akwai PyDict_GetItemWithError da ba ya ɓoye kuskure, sannan a 3.13 da ya fito a Oktoban 2024 suka ƙara PyDict_GetItemRef, mai miƙa igiyar a hannunka, ya kuma ba da amsa uku a rarrabe: 1 an samu, 0 babu, -1 an yi kuskure. Wannan fitowar ce kuma ta fara gwajin barin ayyuka da yawa su gudana a lokaci guda ba tare da babban makullin da ake kira GIL ba, aikin da Sam Gross ya jagoranta. Inda hannaye da yawa ke taɓa ƙamus ɗaya a tare, riƙon aro ya ƙara zama haɗari. Amma tsofaffin darussan da ke yawo a intanet har yanzu tsohon umarnin suke koyarwa.

Mu kuma muna da tamu matsalar da marubutan darussan ba su damu da ita ba. A wurin ƙamus, "Birnin Gwari" da "Birnin-Gwari" da "B/Gwari" garuruwa uku ne, Kuyello da Kuyelo gundumomi biyu. Harufanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowanne bayit 2 yake ci a tsarin UTF-8, alhali C bayit yake ƙirgawa ba harafi ba. Mai yanke suna a bayit na 20 yana iya raba ƙ gida biyu, Python ya ƙi karɓar mabuɗin, kuma in an haɗiye wannan kuskuren, Ɗanladi ya ɓace, Danladi ya tsira. Lambar waya mai lambobi 11 da ke farawa da 0, in aka ajiye ta a matsayin adadi maimakon rubutu, sifilin ya faɗi, ba za ta ƙara dacewa da wadda ke wata rajistar ba. Wanda ya sha wahalar haɗa NIN da layin waya tun daga Disamban 2020 ya san abin da harafi ɗaya ke jawowa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sauri ke magancewa.

Wasu sukan ce to su rubuta nasu ƙamusun a C mana, su huta. A 2003 Scott Crosby da Dan Wallach na Jami'ar Rice a Amurka sun nuna cewa mugu na iya zaɓo mabuɗan da duka za su faɗa gurbi ɗaya, ya durƙusar da babbar kwamfuta da ɗan saƙo kaɗan. A Disamban 2011 aka sake nuna harin a wani taro a Berlin a kan harsuna da dama, ciki har da PHP da Python. Daga 3.3 Python ya riƙa cakuɗa lissafin hash da lambar sirri duk lokacin da aka kunna shi, a 3.4 kuma ya koma amfani da SipHash. Ƙamusun da mutum ya ƙera a ɗakinsa cikin mako guda ba ya zuwa da wannan garkuwar.

Ba wai C haramun ba ne. Ba don masu rubuta shi ba, da babu Python ɗin ma. Amma Microsoft, da duk ƙwararrun da ya tara, ya bayyana a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa daga kuskuren sarrafa memori suke, masu kula da Chrome ma suka faɗi kusan haka a 2020. Matashin da ya yi wata shida da fara koyo ya kamata ya tsaya ya auna tukuna. cProfile zai nuna masa layin da ke cinye lokaci, kuma sau da yawa ba ƙamus ba ne, jiran intanet ne ko karanta fayil. In lallai sai an sauka ƙasa, Cython yana rubuta ƙidayar riƙon da kansa, PyO3 yana yin haka ga masu rubutu da harshen Rust. In kuma C ɗin ne dole, akwai Valgrind da AddressSanitizer masu kama taɓa memorin da aka riga aka saki, kuma kyauta ne.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe bayanan mutane ya tabbatar daidai suke kuma cikakku. Jami'in da zai karɓi manhajar rajista daga ɗan kwangila ba ya bukatar sanin C kafin ya sauke wannan nauyin, kuma tambayar wane harshe aka yi amfani da shi ba za ta amfane shi da komai ba. Ya nemi a zuba mata fom na gwaji dubu ɗari a gabansa, masu sunaye da ƙ da ɗ da ɓ, a ƙirga waɗanda suka shiga da waɗanda suka fito. Ya nemi a bar ta tana aiki kwana biyu, a duba ko cin memorinta na hauhawa. Ya nemi a nuna masa inda take rubuta kuskure daban da inda take rubuta "babu". Wannan aikin yini biyu ne zuwa uku, kuma ya kamata ya shiga takardar kwangila a matsayin sharaɗin biyan kuɗi, kafin a tura ma'aikaci ko ɗaya zuwa Randagi ko Dogon Dawa.