FAYYACE: Wa ke da iko da Matan Fada? Yadda ƙananan matakan ƙaramar hukuma ke shafar bikin Argungu

Gasar kamun kifi ta Argungu ba ta wuce kimanin sa'a guda. Da an harba bindiga, dubban masunta kan ruga cikin kogin Matan Fada, kowa da komarsa da gorarsa, kafin a ankara an fara fitowa da giwan ruwa zuwa ma'auni. Bikin gaba ɗayansa kwana huɗu ne. Sauran kwanaki 361 na shekara kuwa, garin kan koma hannun mutanensa da hukumomin da doka ta ɗora wa kula da kasuwa, tashar mota, magudanan ruwa da filayen gwamnati.

A waɗannan kwanaki da babu kyamara ake yanke shawarar da ke tabbatar da ko yawon buɗe ido zai zama sana'ar da matasan Kabi za su dogara da ita, ko zai ci gaba da zama kallon da ake yi jefi-jefi. Mafi yawan wannan shawara, a bisa doka, ta majalisar ƙaramar hukuma ce, wadda ba kasafai ake ambaton ta ba idan ana zancen bikin.

Daga sulhu zuwa jerin UNESCO

Bikin a siffarsa ta yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ziyarar ta rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Daular Usmaniyya, gabar da ta faro tun faɗuwar Birnin Kebbi a hannun masu jihadi a 1805. An shirya wa baƙon gagarumin kamun kifi don girmamawa, daga nan abin ya zama al'ada. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, lamarin da ya ɗaga sunan bikin zuwa ƙetare.

A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam. Sai dai a lokacin da aka yi wannan karramawa, rabon da a gudanar da shi tun 2009. Rashin tsaro a Arewa da ƙarancin ruwa a kogin su ne dalilan da aka fi bayarwa. Bai dawo ba sai watan Maris na 2020, a zamanin Gwamna Atiku Bagudu, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Bayan wannan ma an sake shafe shekaru ba a yi ba.

Shekara goma ba biki tana da tsada ga gari. Mai masauki ba zai ƙara ɗaki ba, mai sassaƙa kwalekwale ba zai ɗauki yaro ya koya masa ba, matashin da ya so zama ɗan jagoran baƙi zai nemi wata sana'a. Bikin Osun-Osogbo da ake yi a Jihar Osun kowane watan Agusta ya nuna amfanin tabbataccen lokaci: wanda zai zo daga Brazil ko Amurka ya san watan da zai sayi tikiti tun shekara guda kafin tafiya.

Hannu huɗu a akushi ɗaya

Abin da ke wahalar da bin diddigin dukiyar jama'a a Argungu shi ne ikon ya rabu gida huɗu.

Na farko masarauta ce, ƙarƙashin Sarkin Kabin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, wanda ke kan karaga tun 1996. Al'adar ruwan tana hannun Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta. Su ke kula da gyaran ruwa da fashin ruwa, su ke tsare haramcin kamun kifi a Matan Fada kafin ranar gasa, wanda shi ke ba kifin damar girma. Amma tun bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, sarakuna ba su riƙe da baitulmali ko ikon zartarwa irin na zamanin En'e.

Na biyu gwamnatin jiha ce da ke Birnin Kebbi. Ita ke sanya ranar biki, ta kafa kwamiti, ta zuba kuɗi, ta gayyato manyan baƙi. Kamun kifi a koguna da tafkunan cikin gida ba ya cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa tarayya, don haka dokarsa ta jiha ce. Haka kuma hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2013, a ƙarar da ke tsakanin gwamnatin tarayya da Jihar Legas, ya tabbatar cewa rajista da sa ido kan otel-otel hurumin jihohi ne.

Na uku gwamnatin tarayya ce, wadda ke riƙe da famfon ruwan. Madatsar Goronyo da ke kan kogin Rima da ta Bakolori da ke kan kogin Sakkwato duk suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Yawan ruwan da ke isa fadamar Argungu da rani yana da alaƙa da abin da aka saki daga sama, a jihohin Sakkwato da Zamfara.

Na huɗu ita ce ƙaramar hukumar Argungu, ɗaya daga cikin 21 da ke jihar. Ita ce mafi ƙarancin suna a cikinsu, kuma ita ce mafi kusa da abin da baƙo ke takawa da ƙafarsa.

Abin da doka ta ba kansila

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi dalla-dalla. A ciki akwai kafawa da kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da banɗakunan jama'a. Akwai gina tituna, fitilun kan hanya, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa da filayen taro. Akwai kwashe shara, sanya wa tituna suna, da sa ido kan shaguna, rumfuna, gidajen abinci da allunan talla. Har lasisin kwalekwale da amalanke yana cikin jerin.

Duk wanda ya karanta wannan jeri da idon matafiyi zai ga cewa kusan shi ne abin da ake kira yawon buɗe ido. Baƙon da ya sauka a tasha zai nemi inuwa da ruwan sha. Matar da ta zo da 'ya'yanta kallon kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale da kamun agwagwa, za ta nemi banɗaki mai tsafta. Mai sayar da busasshen kifi zai so ya san nawa ne kuɗin rumfa, wa zai biya, kuma ko za a ba shi rasit. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya buƙatar sa hannun Abuja.

Ana iya ɗaukar misali da Gidan Tarihi na Kanta. Ginin ya samo asali tun 1831, ya kasance fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Yana ɗauke da makamai, tambura da kayan su na gargajiya, kuma a nan ake binne sarakunan Argungu. Wuri ne da ɗaliban makaranta za su iya ziyarta a kowane wata na shekara, ko da biki ko babu. Abubuwan da ke sa irin wannan ziyara ta yi daɗi, wato hanyar zuwa, allon kwatance, tsaftar kewaye da tsarin 'yan tireda a bakin ƙofa, duk suna cikin jerin ayyukan ƙaramar hukuma.

Batun filaye

Babu inda dukiyar jama'a ta fi saurin zurarewa a Najeriya kamar filaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Filayen da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ke sarrafa su kai tsaye, sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya a kansu. Dokar ta yarda ƙaramar hukuma ta ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba. Kuma gwamnan ne ke da ikon ayyana inda birni ya tsaya.

Wannan yana da muhimmanci a Argungu saboda darajar fadama ta tashi. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin lamunin manoman shinkafa na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, sannan a 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Noman rani ya kawo arziki da ayyukan yi. Amma gonar shinkafa da kogin gasa ruwa ɗaya suke sha, ƙasa ɗaya suke nema. Kowace takardar fili da aka sa wa hannu a bakin ruwa tana rage ko ƙara sararin da masunta da 'yan kallo za su samu nan da shekara ashirin. Irin wannan takarda ba a karanta ta a taron manema labarai.

Ina kuɗin?

Ƙananan hukumomi 774 na Najeriya suna da kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya. Sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan kuɗin ke bi shekara da shekaru. Wannan ne ya ba shugabannin ƙananan hukumomi a duk faɗin ƙasar amsar da suka saba bayarwa idan an tambaye su aiki: kuɗin yana sama.

A ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta kan ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa a matakin ƙasa. A Kebbi an yi zaɓen ƙananan hukumomi a ƙarshen watan Agustan 2024, inda jam'iyyar APC mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 21 da na kansiloli 225 baki ɗaya, kamar yadda jam'iyyun gwamnoni ke yi a kusan kowace jiha. Majalisar da babu ɗan adawa ko ɗaya a cikinta tana buƙatar ido daga waje.

Ban da kason tarayya, akwai kuɗin shigar da ƙaramar hukuma ke tarawa da kanta: kuɗin kasuwa, na tasha, na rumfa da na talla. Makon biki shi ne lokacin da waɗannan suka fi yawa, kuma lokacin da karɓar kuɗi hannu da hannu ba rasit ya fi sauƙi.

Kwana a Birnin Kebbi, kallo a Argungu

Akwai wata hanya ta daban da riba ke bi ta fita. Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello da mafi yawan manyan otel-otel suna ɓangaren babban birnin jiha, kuma tafiyar zuwa Argungu ba ta kai sa'a biyu ba. Baƙon da ya kwana ya karya kumallo a Birnin Kebbi, ya zo kallo da hantsi ya koma da la'asar, abin da zai bari a Argungu bai wuce kuɗin ruwan sha da tsaraba ba, alhali sharar taron a nan za ta kwana.

Tsarin Mulki ya ba ƙananan hukumomi damar ba jiha shawara kan bunƙasa tattalin arzikin yankunansu. Majalisun Argungu, Birnin Kebbi da Gwandu, inda hubbaren Shehu Abdullahi Fodiyo yake, za su iya haɗa kai su gabatar da hanyar ziyara guda ta kwana biyu ko uku. Kangon birnin Surame, wanda Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, yana cikin Jihar Sakkwato ne tun da aka ƙirƙiro Kebbi a ranar 27 ga Agustan 1991, don haka sanya shi cikin hanyar sai da fahimtar juna tsakanin jihohin biyu.

Tambayoyin da suka dace da kansila

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati a rubuce, ta kuma wajabta amsa cikin kwana bakwai. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta shafi jihohi ma. Ƙungiyar matasa ko ta ɗalibai za ta iya farawa da tambayoyi huɗu. Ina rajistar kadarorin ƙaramar hukuma, mai nuna kowane fili, rumfa da gini da ta mallaka? Waɗanne filaye aka raba a bakin kogi cikin shekara goma da suka wuce, kuma ga su wa? Nawa aka tara daga kasuwa da tasha a makon bikin ƙarshe? Nawa kasafin bana ya ware wa shara, banɗakunan jama'a da hanyar gidan tarihi?

Amsoshin ba za su sanya ranar biki ba, ba kuma za su buɗe madatsar Goronyo ba. Za su dai nuna wanda ke da alhakin me, ta yadda idan abu ya lalace ba za a riƙa nuna wa juna yatsa tsakanin fada, sakatariya da gidan gwamnati ba. Masuntan Argungu sun san cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya dace a tambayi kansila shi ne lokacin zaman kasafin kuɗi, watanni kafin a harba bindiga a Matan Fada.