Kiɗan Okestira a Bakin Kwamfuta: Aibinsa da Gyaransa



Maganata ta yau ta shafi mutumin nan da Allah ya ba basirar tsara kiɗa, amma bai ba shi makaɗa ba. Wataƙila akawu ne a sakatariya, ko kuwa ɗalibin shari'a a nan Kongo, wanda in ya taso daga aiki ya kan zauna ya tsara kiɗan mutum hamsin ko sittin, irin na babbar ƙungiyar nan ta Turawa da a ke kira okestira, mai goge iri-iri da sarewa da ƙahonin tagulla da ganguna. Ba shi da halin tara su ko da na yini guda. Kwamfuta ce kaɗai za ta kaɗa masa abin da ya rubuta, kuma da abin da ta kaɗa ne mai shirya fim ko alƙalin gasa zai auna shi. In ta kaɗa shi a sandare, sai a ce tsarin ne ba kyau, alhali kuwa ba nan gizo ke saƙar ba.

Tun cikin 1957 Max Mathews ya sa kwamfuta ta fitar da sauti a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, amma abin bai zo hannun kowa ba sai bayan 1983, sa'ad da maƙeran kayan kiɗa suka amince da ƙa'idar MIDI. Ita MIDI ba sauti ba ce, umarni ce kurum: taɓa amo kaza, da ƙarfi kaza, ka saki a lokaci kaza. Ƙarfin kuwa lamba ce wadda ba ta wuce 127. A 1991 aka ƙara da General MIDI, mai muryoyin kayan kiɗa 128, kuma akasarin fiyanon Yamaha da aka yi waƙoƙin finafinan Hausa da su a Kano sun san wannan tsari.

To, ina aibin ya ke? Aibin shi ne inji ba ya kuskure, ba ya kuma numfashi. Duk wanda ke shakka, ya shiga cikin birni ranar hawan Salla ya saurari makaɗan Sarkin Zazzau. Masu kakaki biyu ba su taɓa soma busa a ƙiftawar ido guda ba. Ɗaya ya kan riga ɗan'uwansa da kaɗan, kuma wannan 'yar tazara ita ke gaya wa kunne cewa mutane ne. Mai algaita ya kan cika kumatu ya riƙe amo guda mai tsawo, amma amon nan yana kumbura yana saɓewa. Ita kwamfuta, in ba a hana ta ba, sai ta soma kowa tare, ta riƙe amo kamar ƙarar jiniya.

Saboda haka babban aikin ɗan koyo shi ne ya zana wa kowane dogon amo hawa da sauka. A cikin MIDI akwai linzamai masu lamba, kuma na 1 da na 11 su ne aka fi ɗora wa wannan aiki. Mai haƙurin da zai bi goge layi-layi yana jan linzamin nan, ya fi wanda ya sayi muryoyi masu tsada ya bar su yadda suka zo. Wannan ra'ayina ne, na kuwa san 'yan kasuwa ba za su so shi ba.

Sa'an nan ya kaɗa kowane layi da hannunsa, kada ya bar manhaja ta jera masa su daidai wa daida. Ya kuma ɗan sassauta gudun kiɗa a ƙarshen gaɓa. Ya bar wa mai sarewa wurin shan iska, domin kunne ya kan tsargu da busar da huhun ɗan Adam ba zai iya ba. In amo guda zai maimaitu sau takwas, kada ya zama naɗi guda ne a ke ta sakowa, in ba haka ba sai ka ji kamar harbin bindiga mai sarrafa kanta. Akwai kuma zancen wuri. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa guda, watau mai ganga da ke zaune mita 10 a baya, sautinsa zai makara da kusan kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa. A sa kowa a mazauninsa, dama ko hagu, kusa ko nesa, a rufe su duka da amsa-kuwwar zaure ɗaya.

Kayan aiki sun yi sauƙi. Tun 2000 kamfanin Vienna Symphonic Library ya soma naɗar makaɗa na gaske amo-amo. NotePerformer ta kan leƙa daƙiƙa guda gaba cikin rubutun kafin ta kaɗa, don ta san inda gaɓa ta dosa. A watan Disamba na 2022 kuma MuseScore 4 ta fito da nata muryoyin kyauta.

Amma fa mu nan muna da wata damuwa ta daban. Cikin muryoyin nan 128 akwai sitar ta Indiya, da koto ta Japan, da kalimba, amma babu kalangu, babu algaita, babu kukuma. Shi ya sa a kan ari shanai ta Indiya a ce algaita ce. Kalangu ya fi kowa shan wahala, domin da matsa tsarkiya a hammata ya ke magana, yana bin karin sama da na ƙasa da faɗau na harshenmu, sautinsa yana zamewa tsakanin amo da amo. Fiyano kuwa matakai 12 ne daidaitattu, babu zamewa. Sai dai a yi amfani da linzamin lanƙwasa amo, a zana kowace zamewa da hannu bisa karin kalmar da gangar ke faɗi.

David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗanmu a littafinsu na 1971, bayan bincike a Zariya da Katsina. Abin da ɗan koyo ke bukata yanzu shi ne muryoyinsu: a zauna da makaɗi, da yardarsa da ladansa, a naɗi kowane amo a hankali da matsakaici da ƙarfi, kowanne aƙalla sau huɗu, a ɗakin da ba a jin ƙarar janareta.